Kabar da Kaka Ya Ɗaura wa Ɗakwara

Ina tsakiyar aji a Damagaram, ina raba wasu yara biyu da suka kaure a kan guntun alli, wayata ta yi ƙara. Gwaggo ce, ƙanwar mahaifina. Ko gaisuwa ba ta yi ba, sai ta ce, "Mijinki ya riga mu." Na gane nan take, don tun ban iya ɗaura zane ba kakana na wajen uba yake ce mini matarsa, ni kuma in ce masa mijina, ina yi masa gorin haƙoran da ba shi da su. Na faɗi abin da Musulmi ke faɗa, cewa mu na Allah ne kuma wurinsa za mu koma, na sake maimaitawa, amma sai da na dafa tebur. Yaran suka saki juna suka tsaya suna kallona.

Kafin motar Mirriya ta cika, kafin in sami kabu-kabun da zai ratsa da ni yashin hanyar ƙauyenmu, har an kai shi makwancinsa. Lokacin yankan hatsi ne. Na wuce dammuna a jingine cikin gonaki, ba wanda ya tsaya kwasa.

Na zaci zaman makokin tsohon ƙauye zan tarar: dangi, maƙwabta, liman, bulama mai garinmu da mutanensa, a yi addu'a a ci tuwo a watse. Kaka ba malami ba ne, ba shi da sarauta, bai je Makka ba, rigunansa kuwa akwati ɗaya ya ɗauke su har da sauran wuri. Amma tun ranar farko sai ga baƙin da ba mu taɓa gani ba. Zana ce kawai ta raba mu mata da rumfar maza, ni kuma kunnena ba ya zuwa hutu, don haka kusan komai a kunnena aka yi shi.

Wani dattijon Bafulatani ya zo a ƙafa, ya jingine sandarsa, ya yi gaisuwa. Can ya ce, "Shekarar da ciyawa ta ƙare tun rani bai raba ba, 'ya'yan itacen nan nasa ne suka fid da awakina. Da hannunsa ya buɗe mini shinge. Ya ce su ci duk abin da ya faɗo, kada dai in sare reshe." Ya sha ruwa ya ɗauki sandarsa, ko tuwo bai tsaya ci ba. Bayansa wani alaramma ya iso tun daga birni, ya ce da ƙaron Kaka yake haɗa tawada, kyauta yake aika masa kowace shekara, kuma rubutun da ya yi da ita har yau yana sheƙi. Mai zuman da ke rataye amyoyinsa a gefen gandun itatuwan Kaka ya zo da ƙwarya cike, ya ce a ba marayu, alhali mafi ƙanƙantar marayun yana da furfura. Wasu mata daga ƙauyen gaba suka shigo wurinmu, ɗaya ta riƙe hannun Gwaggo tana kuka, ta ce tun da mijinta ya rasu Kaka ya yanke cewa duk ƙaron da ya zubo ƙasa nasu ne, da shi take samun gishiri da sabulu. Gwaggo ta dube ni, ni ma na dube ta. Mun girma a gidan mutumin nan, kuma rabin wannan ba mu sani ba.

Wanda ya kashe bakin kowa shi ne maƙwabcinmu na gona. Tsoho ne da kunnensa ya yi nauyi, saboda haka in zai yi raɗa ma sai an ji a bakin rijiya. Bayan an shafa fatiha sai ya ce, "To, Allah ya jiƙansa. Yanzu wa zai tsare mana yashi?" Kowa a rumfar ya san da wa yake. Da Baffa yake, yayan mahaifina, babban ɗan Kaka, wanda ke zaune kusa da liman yana karɓar gaisuwa.

Bari in yi bayani don wanda bai san ƙauyenmu ba. Gabas da gari akwai tudun yashi, iska na turo shi kaɗan-kaɗan kowace shekara. Tsakanin tudun nan da gonakin hatsi da rijiyar gari akwai gandun ɗakwara, itacen nan mai ƙaya kamar ƙugiya da ake tsagawa ya fid da ƙaro. Kaka ne ya dasa shi. In damina ta ɗauke, ganye ya soma rawaya, sai a ɗaye ɗan ɓawo a jikin reshe da ƙaramin gatari, bayan 'yan makonni ƙaro ya taru dunƙule-dunƙule a wurin, a zo a cire. Amma kafin kowa ya taɓa gatari, Kaka yakan zaga gandun da damin kaba a kafaɗa. Itacen da ya ga ya gaji, da wanda bai isa ba, da na layin gaba masu fuskantar tudu, sai ya ɗaura wa kowanne zaren kaba a reshe. Mai kaba ba a tsaga shi a shekarar nan, ko wa ya zo, ko me ake bayarwa. Wata shekara kusan rabin gandun ne ke ɗauke da kaba.

Baffa bai taɓa son wannan doka ba, kuma ga gandun ya dawo hannunsa. Hatsin bana bai yi kai sosai ba, gidansa kuwa cike yake da bakuna. Wani Alhaji ɗan Kano mai sayen ƙaro a kasuwannin Damagaram shi ma ya zo ta'aziyya. Mutumin kirki ne, ya yi addu'a mai kyau, ba zan ɗora masa laifin kasuwancinsa ba. Amma da Baffa ya raka shi bakin zana na ji ya ce, "Bana ƙaro na da daraja. Duk abin da gandun nan zai iya bayarwa ina so, kamiyo, babbar motar kaya, na nan." Baffa ya ce, "Allah ya kai mu."

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan. Ina tsoron a wayi gari yaran da ke tasowa su ga ƙaya a gabas da gari, su zaci da kanta ta fito.

Kaka gajere ne, siriri, hannuwansa duk zanen ƙaya kamar an yi musu tsaga. Kullum da ɗan ƙaro a kuncinsa yana tsotsa, ya ce shi ne goronsa. Ba ya sauri, ba ya son a sa shi sauri. In ya tsaya gaban itace sai ya danna ɓawon da farcen babban yatsa, ya kalli wurin, ya ɗaga kai ya dubi rassan sama, ya yi shiru kamar mai sauraron gaisuwa. Wata rana na ce masa, "Kai tsoho, da ka kula da ni kamar yadda kake kula da ƙayar nan da ban yi yaji na tafi birni ba." Ya ce, "Ke ai kina da baki, ya ma yi miki yawa. Wannan in an cuce shi ba zai faɗa wa kowa ba, sai dai a zo a tarar ya bushe."

In aka tambaye shi inda ya samo dokar kaba, sai ya gyara zama, mu kuma mu yi ajiyar zuciya, don mun san an tafi Kurmi ke nan. Mun ji labarin har mun haddace, ban da macijin da ke ciki, wanda ke ƙara tsawo kowace shekara. Yana saurayi yunwa ta kore shi cin rani, ya gangara kudu, ya wuce Kano, ya yi ta tafiya har inda ruwa ba ya ɗaukewa, ya sami aiki a gonar roba. Ya ce da sassafe ake fita, kowa da 'yar wuƙa mai lanƙwasa, a yanki ɓawon itacen a karkace, farin ruwa kamar nono ya biyo tsagar ya ɗiga a ɗan kofi. Ranar farko ya zurfafa wuƙa don ruwan ya yi yawa, sai shugaban ma'aikata ya riƙe masa hannu ya nuna masa wani itace da aka taɓa yi wa haka, jikinsa duk ƙulli-ƙulli, ba a ƙara samun komai a wurin ba. Ya ce daga ranar hannunsa ya koyi tsayawa.

Amma ba wannan ne ke sa muryarsa ta sauya ba. Yakan ce, "Matar nan, daji ne aka share, dajin da rana ba ta taɓa ƙasarsa, aka jera itace iri ɗaya layi-layi, iya ganinki. Kyau kam akwai kyau. Amma ki wuni a ciki ba ki ji kukan tsuntsu ba. Rafin da mutanen wurin ke kama kifi ya koma ja, in an yi ruwa ƙasar gona ce ke gangarawa cikinsa." Sai ya ce a bayan wannan gona akwai wani tsoho ɗan ƙasar mai 'yar gonarsa, shi ma yana da roba, amma a cakuɗe take da goro da ayaba da manyan itatuwan da ya tarar bai sare ba. Robarsa ba ta kai ta kamfani yawa ba, amma ƙoramarsa garau take, matansa na samun ganyen miya da itacen wuta a nan cikin gonar. Ba sa jin yaren juna, da hannu suke hira. Kaka ya ce wurin tsohon nan ya fara gane cewa abin da ake tarawa a kofi shi ne mafi ƙanƙantar abin da itace ke bayarwa, shi ne dai kawai ake iya ɗauka a kai kasuwa.

Da ya dawo gida ya tarar yashi ya cinye gefen gonar mahaifinsa. Roba ba ta fitowa a ƙasarmu, ko an yi mata ban-ruwa da hawaye, amma ɗakwara na fitowa, ita ma tsaga ta ake yi. Ya shiga tara 'ya'yanta yana shukawa a gindin tudu. Mutane suka yi ta dariya, ana cewa kowa na shuka hatsi, shi ya je Kurmi ya koyo shuka ƙaya. Da rani yakan ɗauki tulu daga rijiya ya bi ƙananan ɗaya bayan ɗaya, awaki su cinye, ya sake shukawa, ya yi shinge, iska ta kayar, ya sake kafawa. Ɗakwara ba ta kai mutum tsawon rai ba, saboda haka bai taɓa gama aikin ba: na farko suka tsufa suka mutu a gabansa, ya maye su da 'ya'yansu. Waɗanda ke tsaye yau jikoki ne, sa'o'ina ke nan. In na tsaya a kan tudun na dubi koren layin nan da ya tare yashi kamar an ja masa iyaka, na tuna mutum ɗaya ne da tulu ɗaya, wallahi tsigar jikina tashi take yi.

Ba zan mayar da shi waliyyi ba. Kaka na da taurin kai, kuma harshensa in ya ga dama ya fi ƙayarsa kaifi. Bai iya yabon ɗansa ba. Baffa ya yi masa aiki tun yana yaro, shi ne ya ɗauki rabin tulunan nan da ake ba Kaka ladansu, amma ban taɓa jin ya ce masa sannu da ƙoƙari ba. Sai dai, "Ka zurfafa," ko, "Wa ya ce ka taɓa wannan?"

Rigimarsu babba ta faru ne shekarar da yanar ido ta rufe wa Kaka gani, na kawo shi gidan likita a Damagaram aka yi masa aiki. Ya riga ya ɗaura kabarsa kafin ya taho, da lalube. Yana kwance a ɗakina ido a naɗe, yana yi wa tuwona tsiya, lokacin tsaga ya yi. Baffa ya tsaga duka, masu kaba da marasa kaba, har na layin gaba, kuma ya zurfafa. Ƙaro ya zuba kamar ba za a daina ba. A shekarar ya yi wa ɗakunan gidan rufin kwano, har da ɗakin Kaka. Da rani ya tsananta sai na layin gaba suka soma bushewa, wasu suka mutu a tsaye. Iska ta sami ƙofa. Kafin damina yashi ya kwararo ta giɓin, ya binne gefen gonar maƙwabcinmu mai nauyin kunne, ya kama hanyar rijiya.

Ina wurin ranar da Kaka ya je ya gani da sabon idonsa. Ya daɗe tsaye a giɓin, sannan ya juya ya ce wa Baffa, "Wannan aka buɗe mini ido in gani?"

Baffa bai sunkuyar da kai ba. Ya ce, "Baba, kai itace kake tausayi, ni mutane nake ciyarwa. Ɗakin da kake kwana ba ya yoyo yanzu."

Kaka ya ce, "Ka hau ka cire kwanonka. Ka kai wa mutumin nan ya shuka hatsi a kai."

Daga ranar ya kwashe tabarmarsa ya koma zaure, daminar nan duka bai kwana ƙarƙashin kwanon ba, sauro ya yi biki. Hatsin gonarsa ya raba biyu ya aika wa maƙwabcin, mutumin ya ƙi karɓa, Kaka ya sake aikawa, har sai da bulama ya sa baki ya karɓa. Kaka kuma ya koma giɓin da tulunsa, tsofai-tsofai da shi, ya soma daga farko. Gwaggo ce ta yi ta kai da kawowa har uba da ɗa suka koma cin tuwo a akushi ɗaya. Amma maganar gandu ba ta ƙara haɗa su ba. Kowace shekara Kaka ya ɗaura kabarsa, Baffa ya tsaga sauran fuska a murtuke, ya wuce masu kaba kamar ba ya ganinsu. Ni a lokacin bayan Kaka nake ɗari bisa ɗari. Yanzu da na san nauyin tukunya, na gane Baffa ma ba ƙarya ya yi ba.

Akwai ranar da na ga Kaka ya yi murna kamar yaron da aka ɗinka wa rigar salla. Wasu ma'aikatan furoje, wato wani shirin raya karkara, sun zo ƙauyen suna bincike a kan amfanin da itatuwa ke yi wa mutane da ƙasa, ban da abin da ake sayarwa. Shugabarsu wata matashiya ce mai haƙuri, ta zauna da shi a inuwa suka wuni. Ta ce masa a jikin saiwar ɗakwara akwai wasu 'yan ƙulle-ƙulle da ke ƙara wa ƙasa ƙarfi kamar taki. Kaka ya ce bai yarda ba sai ya gani. Aka tono wani ɗan ƙarami a hankali, ta nuna masa. Ya riƙe saiwar a tafin hannu yana ta kabbara. Ya ce, "Shekara da shekaru ina ganin hatsin da ke kusa da su ya fi kauri, na ɗauka inuwa ce! Ashe ta ƙarƙashi ma aiki suke yi." Ya mayar da ɗan itacen ramin da kansa, ya ba shi ruwa. Wata guda ba wanda ya huta da labarin saiwa, har liman sai da aka tare shi a ƙofar masallaci.

Kafin ta tafi ta tambaye shi, cikin duk amfanin gandun nan wanne ya fi girma. Ya yi ta tunani, ya ce, "'Yata, ban sani ba. Ni dai nawa shi ne ƙaro. Sauran na mutane ne, sai ki tambaye su." Ranar makoki, ina bayan zana ina jin Bafulatani da alaramma da mai zuma, sai tambayar nan ta faɗo mini. Na yi kuka sosai, har Gwaggo ta ce in tashi in wanke fuska.

A daren sadakar bakwai ba mu yi hira ba, amma washegari muna tankaɗe Gwaggo ta faɗa mini abin da ban sani ba. 'Yan kwanaki kafin rasuwar Kaka, jiki ya riga ya ƙi, sai ya ce a kawo masa kaba. Ta ce, "Baba, ganye bai ko soma rawaya ba, da sauran lokaci." Ya ce, "Naki ne da saura." Ta ɗora shi a kan jaki ta ja shi zuwa gandun. Ya bi su yana danna farce, yana ɗaurawa. Ta ce yatsunsa rawa suke yi, ƙullin ba ya kamawa, ta ce ya kawo ta ɗaure masa, ya harare ta. Haka ya yi ta yi har rana ta yi zafi, ta dawo da shi yana haki. Baffa na gona yana yanka, ba a faɗa masa ba.

Na koma aiki da wannan a raina. Da sadakar arba'in ta zo na sake dawowa, na tarar da buhunan Alhaji a jibge a zaure, sababbi, a ninke. Ganyen ɗakwara ya yi rawaya. Washegari da hantsi Baffa ya ɗauki ƙaramin gatarin Kaka ya nufi gabas, bai ce wa kowa komai ba. Na ce wa Gwaggo mu je neman itacen wuta. Ta ce, "Itacen wuta a gidan nan ya kai mu baɗi," amma ta riga ni ɗaukar mayafi.

Da muka isa sai na ga abin da ya faru. An yi iska a kwanakin, ta kwance kusan duk abin da Kaka ya ɗaura. Kaba na zube a ƙasa, wata a gindin itacenta, wata ta maƙale a ciyawa can tsakani, ba a san ta wane ba ce. A rassan kuwa da ƙyar ka ga ɗaya nan, ɗaya can. Gandun duka a buɗe yake, ba doka a kansa. Ba wanda zai ce Baffa ya karya wani abu. Maganganu suka cika mini baki, Gwaggo ta matse mini hannu har sai da na ji zafi.

Baffa na tsaye a layin gaba, daidai tsohon giɓin, inda waɗanda Kaka ya sake dasawa suka kai tsaga a karon farko, lafiyayyu, ɓawonsu sumul. Ya ɗaga gatari ya gwada reshe. Sai idonsa ya sauka a kan kabar da ke gindin. Ya sunkuya ya ɗauka. Ƙullin na nan a jikinta, sako-sako, ya ja kaɗan ya warware. Ya juyo, ashe ya san muna bayansa.

Ya ce wa Gwaggo, "Yaushe ya zo nan?"

Ta ce, "Ana saura kwana kaɗan. A kan jaki na kawo shi."

Ya ɗaga kabar ya ce, "Dubi ɗaurin. Mutumin da in ya ɗaure dami sai an sa wuƙa." A makoki Baffa bai zub da hawaye ba, kowa ya yaba da dauriyarsa. Ranar na ga dattijo mai jikoki ya durƙusa a yashi yana kuka da zaren kaba a hannu, mu ma muka taya shi.

Da ya tashi sai ya soke gatarin a ɗamara, ya mayar da kabar reshenta, ya ja ƙullin har sai da reshen ya girgiza. Ya wuce na gaba. Mu muka shiga tsince masa waɗanda iska ta watsar, muna miƙa masa. Na ce, "Baffa, waɗannan ba mu san na wane ba ne." Ya tsaya gaban wani itace, ya danna ɓawon da farcen babban yatsa, ya kalli wurin, ya ɗaga kai ya dubi rassan sama, ya yi shiru. Sannan ya ɗaura. Ya wuce biyu bai taɓa su ba, ya tsaya a na gaba. Ashe duk shekarun nan da yake wucewa fuska a murtuke, ya iya, kallo ɗaya bai kuɓuce masa ba.

Can ƙarshen gandun ya ɗaura wa wani tsohon itace mai karkataccen gindi. Gwaggo ta ce, "Yaya, wannan kam bai ɗaura masa ba, ina wurin. Wucewa ya yi."

Baffa ya ce, "Bai gani ba ne. Wannan ya gaji tun bara." Ya ƙara ƙulli na biyu.

Bana rabin buhunan Alhaji za su koma Kano a ninke yadda suka zo, kuma na san tuwon gidan Baffa zai yi ruwa kafin damina. Ya sani shi ma, tun kafin ya sunkuya. Da muka dawo, maƙwabcinmu mai nauyin kunne na zaune a bakin rijiya, ya ga sauran kaba a kafaɗar Baffa, ya buɗe baki zai yi raɗarsa da duk gari ke ji, sai ya fasa, ya matsa masa wuri a kan kututture.

Ya Allah, bawanka ya tare mana yashi da tulu ɗaya, ya bar inuwa ga mutanen da bai san sunansu ba. Ka yafe masa kaifin harshensa, ka sanyaya masa makwanci, ka ba shi inuwar da ba a tsagawa ba ta kuma bushewa. Mijina, ƙullinka ya kwance, amma ɗanka ya ɗaure.